Idan Gidan Wayan Amurka Ya Ce Zai Daina Kawo Muku Wasiƙa Ƙofar Gida: Yadda Unguwa Za Ta Bi Lamarin

Yawanci da takarda guda ake farawa. Za ka buɗe akwatinka ka tarar da sanarwa daga gidan waya na yankinku cewa daga rana kaza sai ka kafa akwati a bakin titi, ko kuma za a girke babban akwatin haɗaka a ƙarshen layi, kowa ya riƙa zuwa da makullinsa. Wani lokacin ma ba takarda, mai raba wasiƙu ne zai faɗa maka a tsaye. Wanda ya taso a Kano ko Maraɗi, inda aka saba da hayar akwati a gidan waya, zai iya cewa mene ne abin tayar da jijiyar wuya a nan. To a Amurka katin zama, takardar izinin aiki, lasisin tuƙi, sammacin kotu, takardun haraji, har maganin da likita ya rubuta, duk ta wannan hanya suke zuwa. Dattijon da gwiwa ta hana shi tafiya, ko mai jego a tsakiyar hunturun Minnesota, sun san bambancin taku uku da taku ɗari uku.

Hukumar gidan wayan, USPS, kuɗi take dubawa. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya fitar da lissafi a 2014: a shekarar 2012, kai wasiƙa ƙofar gida ɗaya yana cin kusan dala 380 a shekara, akwatin bakin titi kusan dala 240, akwatin haɗaka kusan dala 170. Saboda haka duk shugaban gidan waya yana da dalilin so ya mayar da ku kan hanya mafi araha. Amma son ransa daban, abin da ƙa'idar hukumarsa ta ba shi dama daban.

Mataki na farko: tsohon adireshi ne ko sabo?

Duk rigimar a kan wannan tambaya take juyawa. Ƙa'idar tana cikin kundin ayyukan hukumar mai suna Postal Operations Manual, a taƙaice POM, sashe na 631, kuma yana nan kyauta a shafin hukumar na intanet. Lambobin ƙananan sassansa sun sha canzawa, don haka ka nemi kan maganar da aka rubuta Conversion of Mode of Delivery, ka buga shafin a takarda. Wannan shafi ɗaya ya fi surutun awa guda a kanta amfani.

Idan gidanku ya daɗe ana kawo masa wasiƙa ta wata hanya, fiye da shekara guda, to hanyar ta zauna. Jami'an gidan waya suna da damar su zo su nemi ku canza. Nema ne kawai. Kundin ya ce sai an karɓi sa hannun mutane kafin a sauya, kuma a unguwar da kowa ya mallaki gidansa da filinsa, sai kowane mai gida ya yarda a rubuce. Wanda bai yarda ba, dole a bar shi a kan tsarinsa na da, ko da duk maƙwabtansa sun amince.

Idan kuwa sabuwar unguwa ce da aka gama ginawa, labarin ya sha bamban. Tun 1978 hukumar ta kusan daina buɗe wa sababbin gidaje hanyar kai wasiƙa ƙofa, kuma gyaran da ta yi wa kundin a 2012 da 2018 ya sa ita ce mai yanke hukunci, akwatin haɗaka kuma shi ne zaɓinta na farko. Tun ran gini tun ran zane: maginin unguwar ne ya daidaita da gidan waya kafin ku sayi gidan. A nan ba ku da ta cewa a kan irin hanyar, sai dai a kan wurin da za a ajiye akwatin da yadda za a kula da shi. Za mu dawo kan wannan.

Akwai tarko guda da sababbin masu sayen gida ke yawan faɗawa. Ka sayi tsohon gida mai akwati a jikin bango, kafin ka gama sauke kaya sai ga takarda cewa tunda kai sabo ne, sai ka kafa akwati a bakin titi. Kundin ya faɗa ƙarara cewa sayar da gida ba ya zama dalilin canza hanya, tsohon tsarin yana nan sai in an yi yarjejeniya. Baƙon da bai san wannan ba sai ya ruga shago ya sayo akwati ya kafa, shi ke nan ya canza da hannunsa. Komawa baya bayan haka yana da wuya ƙwarai.

Mataki na biyu: wa ke da ikon sa hannu?

Ba kowane mazauni ba ne. In haya kake yi, a bene mai ɗakuna da yawa ko a filin gidajen tirela, mai gidan ko manajansa zai iya amincewa da sauyin ba tare da ya tambaye ka ba. In unguwarku tana da ƙungiyar masu gidaje, wadda suke kira HOA, ƙungiyar za ta iya yanke hukunci a madadin kowa. Wannan ne wurin da mutane suke ɓata watanni suna zagin gidan waya, alhali shugabannin ƙungiyarsu ne suka sa hannu a wani taro da ba su halarta ba.

Saboda haka kafin ka rubuta wa kowa ƙorafi, ka nemi sakataren ƙungiyar ya ba ka rubutaccen bayanin tarukan shekarar da ta wuce, ka duba ko an tattauna batun wasiƙu. Ka kuma karanta dokokin ƙungiyar da aka ba ka ranar sayen gida, ka ga ko irin wannan hukunci yana buƙatar ƙuri'ar dukkan 'yan ƙungiya ko shugabanni kaɗai sun isa. In ba a kai ga sa hannu ba, faɗanku na farko a zauren taron ƙungiya yake. In an riga an sa ba bisa ƙa'ida ba, a can za a warware, sannan ƙungiyar ta rubuta wa gidan waya.

Mataki na uku: kada ka sa hannu, kada ka haƙa rami, ka nemi komai a rubuce

Takardar da ake kawowa takan zo da harshen umarni, da ranar ƙarshe, da fili a ƙasa na sa hannu. Ka karanta abin da ke saman filin da kyau. Sau da yawa wannan sa hannun shi ne yardar da ƙa'ida ta ce sai an samu.

Ka rubuta wa shugaban gidan waya na yankinku, wato Postmaster, gajeriyar wasiƙa da ba ta wuce shafi ɗaya ba. Ka sa sunanka da cikakken adireshi, da irin hanyar da ake kawo maka wasiƙa yanzu da tun yaushe, da ranar da ka samu sanarwar. Ka faɗa a fili cewa ba ka amince da sauyin ba. Sannan ka yi tambaya biyu: a ƙarƙashin wane sashe na POM aka ɗauki wannan mataki, kuma mene ne takamaiman dalilin da ya shafi gidanka? Ka haɗa kwafin sanarwar da kwafin shafin kundin. Ka aika ta hanyar Certified Mail tare da koren katin shaidar karɓa, fom mai lamba 3811, wanda zai dawo maka da sa hannun wanda ya karɓa da kwanan wata. Abin dariya ne ka biya gidan waya ya kai wa kansa ƙorafi, amma wannan katin ne zai hana a ce ba a ga takardarka ba.

Duk wanda ka yi magana da shi a kanta ko a waya, ka rubuta sunansa da muƙaminsa da rana. Zancen fatar baki ba ya hawa sama.

Mai raba wasiƙu kuma kada a sauke masa fushi. Ɗan aike ne, ba shi ya tsara ba, kuma ƙungiyar ƙwadagonsu ta birane, NALC, ta daɗe tana adawa da rage kai wasiƙa ƙofa. Sau da yawa shi ne zai raɗa maka ainihin abin da ya jawo maganar. Tare masa hanya ko yi masa barazana laifi ne a dokar tarayya, haka nan fasa ko tumɓuke akwatin wasiƙa, wanda hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara uku.

Idan sun zo da dalili

Akwai yanayin da hukumar ke da ƙafar tsayawa ko da adireshin tsoho ne, kuma gara ku san su kafin ku ɗaga murya.

Mafi yawa shi ne kare. Hukumar ta ce karnuka sun kai wa ma'aikatanta hari fiye da sau 5,800 a 2023, sama da 6,000 a 2024. In akwai barazana ga lafiyar ma'aikaci, ana iya dakatar da kai wasiƙa nan take, kuma kare ɗaya da ke yawo sakaka yakan sa a dakatar wa layi gaba ɗaya. Daga nan ne ake cewa mafita ita ce akwatin haɗaka. Mafi yawan gidajen Hausawa ba su da kare, amma karen maƙwabci zai ja muku. Abin yi shi ne a kira ofishin kula da dabbobi na birni ko na gunduma, a karɓi lambar rahoto, a samu mai karen ya rubuta alkawarin killace shi, a kai waɗannan takardu ga shugaban gidan waya a nemi a rubuce ya faɗi sharaɗin dawo da aiki. Dakatarwa saboda haɗari abu ne da ya rataya a kan haɗarin. In an kawar da shi, hujjarku ta neman a koma tsarin da ta yi ƙarfi. Haka batun yake ga matakalar da ta ruɓe, ko ƙanƙarar da ba a share ba: a gyara, a ɗauki hoto mai kwanan wata, a aika.

Na biyu, kuskure. In sabon gida ne aka fara kawo masa wasiƙa ƙofa bisa kuskure, hukumar za ta iya janyewa da sanarwar kwana 30, muddin ta gano ta kuma sanar da kai cikin shekara guda. In shekarar ta wuce, a ƙa'ida tsarin ya zauna, sai dai in ba a gama gina unguwar ba. Shi ya sa ambulan ɗin farko da ya zo maka da hatimin kwanan wata abin adanawa ne.

Na uku ya shafi masu akwatin bakin titi: motar da ake ajiyewa a gabansa. In sau ɗaya ne ko biyu, ƙa'ida ta ce mai raba wasiƙu ya sauko ya saka. In abin ya zama kullum kuma kana da ikon hanawa, shugaban gidan waya zai iya janye aikin da amincewar manajan gunduma. Gidan da ke da motoci huɗu da baƙi duk ƙarshen mako ya lura da wannan.

Haɗa kan unguwa, da kuskuren da ake yi a nan

Wasiƙar mutum ɗaya tana aiki, amma ashirin daga layi ɗaya a mako ɗaya sun fi. Kowane mai gida ya rubuta tasa da sa hannunsa, domin ƙa'idar gida-gida take bi. Takardar koke mai jerin sunaye ƙari ce kawai. A zaɓi mutum biyu su zama bakin unguwa, su riƙe fayil ɗaya, su nemi zama da shugaban gidan waya. Bayan zaman a aika masa taƙaitaccen abin da aka faɗa a rubuce, a ce in akwai gyara ya yi.

Kada ku zuba takardun gayyatar taro a cikin akwatunan wasiƙar maƙwabta. Dokar tarayya ta hana saka abin da ba a manna wa kan sarki ba a cikin akwatin wasiƙa, akwai tara a kai, kuma ana iya kwashe takardun a caje ku kuɗin aikawa. Wasu ƙungiyoyin unguwanni na Greenburgh a jihar New York sun kai wannan magana har Kotun Ƙoli, a 1981 kotun ta ba gidan waya gaskiya. Ku ƙwanƙwasa ƙofa, ku rataya a marfin ƙofa, ko ku yi amfani da zauren WhatsApp na unguwa. Ramin wasiƙa da aka huda a jikin ƙofa bai shiga cikin hanin ba.

Hawa sama idan an yi shiru

Ku ba shugaban gidan waya kamar mako biyu. In bai amsa ba, ko ya amsa ba tare da ya ambaci ƙa'ida ba, ku shigar da ƙorafi ta shafin hukumar ko ta lambar 1-800-275-8777, ku karɓi lambar ƙorafin. Ku sani cewa irin wannan ƙorafi yakan gangaro ya dawo teburin ofishin da kuke ƙara, don haka amfaninsa shi ne lambar. Da ita za ku tafi ofishin kula da abokan hulɗa na gunduma, inda manajan da ke sama da shugaban naku yake. Sama da nan akwai ofishin Consumer Advocate, mai kare haƙƙin abokan hulɗa, a hedikwatar hukumar a Washington.

Ƙofa biyu na waje sun fi saurin motsa abu. Ɗaya ita ce ofishin ɗan majalisar wakilai na mazaɓarku, ko na sanata. Kowannensu yana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, bin koken jama'a a hukumomin tarayya. Za su ba ka fom ka sa hannu cewa ka yarda su duba lamarinka, kamar yadda dokar sirri ta 1974 ta tanada, kuma abin da ake tambaya shi ne ko kai mazaunin yankin ne. Ɗayar ita ce hukumar da ke sa ido a kan gidan waya, Postal Regulatory Commission. In ka aika mata koke a kan aiki, za ta tura wa USPS, ita kuma dole ta ba da amsa a rubuce cikin kwana 45, tare da kwafi gare ka.

Kotu fa? Ba mu ba da shawarar a fara da ita ba. Garin Grover City a California ya taɓa kafa dokar hana akwatin bakin titi don ya tilasta a kai wasiƙa ƙofa, a 1975 kotun tarayya ta goyi bayan gidan waya. Majalisar birni za ta iya rubuta muku takardar goyon baya, amma dokarta ba ta ɗaure hukumar tarayya. Waɗanda ke Kanada kuma kada su ɗauki wannan jagora su yi aiki da ita, domin can ba a neman yardar mai gida. Birnin Hamilton ya gwada taka wa Canada Post, hukumar gidan wayan ƙasar, burki da dokar birni, ya faɗi a kotu a 2015, ya sake faɗi a ɗaukaka ƙara a 2016.

Marar lafiya da tsoho

Wannan hanya a buɗe take ko unguwar sabuwa ce ko tsohuwa. Wanda zuwa akwatin zai zama masa matsananciyar wahala ta jiki zai cike fom mai lamba 1528, ya haɗa da takardar likita, ya miƙa wa shugaban gidan waya. Abin da ke kayar da buƙatar yawanci takardar likitan ce: in ta ce kawai mutumin yana da ciwon suga ko ya tsufa, ba ta isa ba. Ta faɗi abin da ba zai iya ba, misali ba ya iya tafiyar nisa kaza ko sauka matakala ba tare da taimako ba. In akwai lafiyayyen baligi a gidan, ku shirya amsar dalilin da ya sa ba zai iya ɗaukowa ba, don za a duba. Izinin na mutumin ne, ba ya bin gida, kuma ana sabunta shi duk shekara. Ku sa ranar a kalanda.

In akwatin haɗaka ya zama dole, ko kun ga ya fi muku

Ba kowane sauyi ne asara ba. A layin da ake yawan satar kaya a bakin ƙofa, akwati mai kulle ya fi. Sai dai a yi ciniki kafin a zuba kankare. Ƙa'idar ta ce kada a sa mutane tafiya mai nisan da bai dace ba, abin da aka saba shi ne kada ya wuce tsawon layi ɗaya daga gida. Ku je wurin da aka zaɓa da daddare ku ga ko akwai fitila, ku je bayan ruwan sama ku ga ko ruwa na kwanciya, ku duba ko keken guragu zai hau, ko akwai inda mota za ta tsaya ba a kan kwana ba.

Akwatunan suna zuwa da gurbi 8, 12, 13 ko 16, gurbi na gama-gari faɗinsa kusan inci 12, tsayinsa kusan inci 3, da ramin jefa wasiƙar fita, da manyan aljihunan kaya a ƙasa. In kaya ya zo maka, za ka tarar da makullin aljihun a gurbinka, in ka buɗe sai makullin ya maƙale a kubar, haka aka ƙera shi, kada ka yi ta ja. Ku nemi a ƙara yawan aljihunan kaya tun farko, domin in sun cika sai a bar maka takarda ka je ofis.

Tambayar da ta fi kowace jawo rigima bayan shekara biyu ita ce, akwatin na wa ne? In na hukumar ne, ita ke ba da makullai uku, ba ta ajiye na ajiya, in sun ɓace za a canza kuba ka biya. In na ƙungiyar unguwa ne ko na mai gida, gyara, kuba, share ƙanƙara da sayen sabo in mota ta buge shi duk a wuyanku suke, kuma kafin a gyara, ofis za ku riƙa zuwa karɓar wasiƙa. A rubuta wannan a yarjejeniya. Ku kuma tambaya ko an sa wa babbar ƙofar kubar lantarki, domin satar babban makullin ma'aikata, wanda ke buɗe akwatuna da yawa a yanki guda, ita ta sa hukumar ta fara canza dubban kubobi a 2023.

Wanda ya zaɓi akwatin bakin titi, ga awonsa: daga kan kwalta zuwa ƙasan akwatin inci 41 zuwa 45, wato santimita 104 zuwa 114, bakinsa kuma ya ja baya daga dakalin titi inci 6 zuwa 8. Turken ya zama katako mai inci 4 a kan 4 ko bututun ƙarfe mai kaurin inci 2, a binne shi kada ya wuce inci 24, domin ana so ya karye in mota ta buge shi. Lambar gida a jiki kada ta gaza inci 1. A sayi akwati mai tambarin amincewar Postmaster General, wato babban shugaban hukumar, a tambayi ofis wane gefen titi, a kira 811 kwanaki kaɗan kafin haƙa don a zo a shata inda bututun gas da wayoyi suka bi.

Wasiƙunku a lokacin da ake ja-in-ja

In an dakatar da kawowa, wasiƙun suna taruwa a ofis, kuma ba har abada za a riƙe su ba, daga baya mayar wa masu aikowa ake yi. Ka tambayi kwana nawa za a riƙe, a rubuta maka, ka riƙa zuwa da katin shaida aƙalla sau biyu a mako. Ka yi rajistar Informed Delivery, kyauta ce, tana turo maka hoton gefen adireshi na ambulan ɗin da ke hanya kowace safiya, ta haka za ka san abin da ya kamata ka tarar. Mai jiran takarda daga hukumar shige da fice, USCIS, ya riƙa bibiyar inda buƙatarsa ta kwana ta intanet kullum, domin wa'adin amsa buƙatar ƙarin hujja yana tafiya ko ambulan ya iso hannunka ko yana kwance a ofis. In rigimar ta yi alamar daɗewa, ka kama hayar akwati a gidan waya da fom mai lamba 1093 na wata uku ko shida, ka mayar da wasiƙun banki da na magani can, ka kuma rubuta a wasiƙarka ta gaba cewa hayar ta wucin gadi ce, ba amincewa da sauyin ba.